Ranar da Aka Zo Dubiyar Yaya

A Alabar, unguwar Zango a Gana inda aka haife ni, ba a yarda mutum ba shi da lafiya sai an ga shaida. Ko dai an kwantar da shi a asibiti an ɗaura masa ruwa, ko a ga bandeji, ko ya rame har kowa ya fara tambaya. Idan ɗaya daga ciki ya samu, mata za su yafa mayafi su jeru zuwa dubiya, wannan da ledar lemu, waccan da kwanon koko. Idan babu ko ɗaya, to ko kina mutuwa a tsaye, abin da za ki ji shi ne kin cika son jiki.

Yayata ba ta da ko ɗaya daga cikin shaidun nan. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tun ina yarinya na san ta da abu guda: tuƙin tuwo. Duk wani suna ko aure a unguwarmu, idan aka ɗora babbar tukunyar ƙarfen nan da muke kira dadesen, ita ake jira. Za ta zauna a kan ƙaramar kujera, ta maƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunyar, ta take su da ƙafafu don kada ta motsa, sannan ta kama muciya da hannu biyu. Tuwonta ba gudaji. Har daga unguwa mai nisa irin Atonsu an sha aiko mata goron gayyata, ba don dangi ba, don hannunta kawai. Ita kuma tana jin daɗin abin, ba ta ɓoyewa. Idan ta dawo gida tana warin hayaƙi, sai ta ba ni labarin kowa da kowa tana dariya.

Ciwon bai zo mata rana ɗaya ba. Da kafaɗu ya fara, ya gangaro baya, ya sauka ƙugu da cinyoyi. Sai ta kwana tana barci amma ta tashi a gajiye kamar wadda ta yini tana dako a babbar kasuwa. Wata rana igiyar jakarta ma sai ta dame ta a kafaɗa. Ta fara mantuwa, ta ɗora ruwa a wuta ta tsaya tana tunanin me za ta dafa. Muka yi ta yawon asibiti. An auna zazzaɓin cizon sauro, an auna taifot, an auna suga, an ɗauki hoton ƙashi. Kullum amsa ɗaya ce, komai lafiya lau. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe masu ɗacin da ko warinsu ba na iya shaƙa. Kuma da yake ta rage zirga-zirga, sai ta ƙara ƙiba, fatarta ta yi kyau. Wannan ƙibar ita ta gama kashe mata magana a unguwa.

Da farko idan ta ce ba za ta iya tuƙi ba, ana cewa Allah ya sauwaƙe. Da abin ya yi tsawo sai magana ta canja. Aka ce tun da ƙanwarta ta samu aiki a jami'a ta fi ƙarfin hayaƙi. Aka ce ta ga yanzu ita hajiyar zaure ce. A Zango gudunmawar biki ba kyauta ba ce, hannu ne kike ajiyewa don ranar da naki zai zo, kuma wadda ta janye hannunta ba dalili, janye ta ake yi. Ba wanda ya yi faɗa da Yaya. Kawai mai rabon goro ta fara wuce ƙofarta. Sai ta ji lasifika na tashi a bayan layinmu, ta ji ƙarar turmi, ta tambaye ni, "Auta, wa ya haihu?" Ni kuma na sani, amma sai in ce ban ji ba. Abin yana ƙona mini rai, kuma ni ba mai haƙuri ba ce, duk Alabar ta san bakina.

Daga baya muka dace da wata likita da ta zauna ta saurare ta har ta gama. Ta danna mata wurare a wuya da kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu, dannawar da ni ko a jikina ba zan ji ba, amma Yaya tana zabura tana salati. Likitar ta ce ciwon yana da suna, fibromiyaljiya. Ta ce ba a ganinsa a jini, ba a ganinsa a hoto, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka zama masu saurin firgita, abin da bai kai ya yi zafi ba sai su kai rahoton cewa ya yi. Ta ba ta ƙwayoyin da ke rage abin kaɗan amma suna sa ta gyangyaɗi, ta ce ta riƙa ɗan tattaki, ta kula da barci. Ta faɗa mana gaskiya, babu maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya tukuna.

Yaya ta dawo gida da sunan kamar ta samo takardar shaida. Ta faɗa wa matan gidanmu, harshenta na tuntuɓe a tsakiya. Suka yi dariya, suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da tsintar shinkafarsu. Sunan da ba a kwantar da kai a kansa ba, a wurinsu bai wuce Turanci ba.

Ni kuwa aikina a ɗakin binciken magunguna yake. Kowace safiya ina hawa trotro, motar hayarmu, zuwa unguwar Ayigya, in tsallaka titi in shiga jami'a. Ni ba likita ba ce, ko da yake a unguwa an daɗe da naɗa ni. Ma'aikaciyar lab ce, mai haɗa ruwan gwaji da kula da ɓeraye. Ba don Yaya na shiga aikin ba, kuma ba ni na zaɓi abin da za a bincika ba, shugaban ɗakin ne ya zaɓa. Sai da aka ba mu abin karantawa na ga ana lissafa alamomin ciwon da ake neman maganinsa, na ga ashe labarin gidanmu nake karantawa.

Abin da muke bi ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne wuya. A jikin kowace jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Wani sinadari da ake kira fotasiyam, wanda kowa ke da shi a jiki, ta nan yake fita. Idan ƙofofin suka buɗe ya fita, jijiyar sai ta lafa. Idan suka ƙi buɗewa yadda ya kamata, sai ta zauna a ɗane, abu kaɗan ta yi ihu. Masu bincike a ƙasashe da yawa suna neman maganin da zai buɗe waɗannan ƙofofi a jijiyoyin ciwo kaɗai, ya ƙyale na zuciya da sauran jiki. An taɓa samun wanda ke buɗewa, aka janye shi don yana taɓa hanta. Kuma ba wanda zai dafa littafi ya rantse cewa ƙofofin nan su kaɗai ne tushen ciwon Yaya. Hanya ce ake bi, ana fatan ta ɓulle. Namu ɗan kason shi ne, ɗalibai su zauna gaban kwamfuta suna gwada siffar sinadaran da aka samo daga itatuwa da siffar ƙofar, wanda ya yi kamar zai shiga sai a kawo mana a gwada a kan ɓeraye.

Ranar da na ba Yaya wannan labari tana kwance a kan doguwar kujera. Ta saurara har na gama ƙofofina, sannan ta ce, "To yaushe zai fito?" Na ce da sauran tafiya, mai yiwuwa sai mun tsufa, mai yiwuwa ma namu ba zai kai ko'ina ba. Ta ce, "Yoo." Ba ta ƙara tambaya ba. Na lura maganin bai dame ta ba kamar yadda lasifikar bayan layi ke damunta.

Sai aka yi haihuwa a gidan da ke jikin namu, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Wannan kam ba yadda za a yi a wuce ƙofarmu, aka kawo goro, amma ni aka miƙa wa. Yaya tana gani. Ta ce in je in yi hannun gidanmu. Na ce ni da muciya ba mu taɓa shiri ba. Ta ce in je haka nan, ya fi a ce ba kowa.

Ranar sunan aka kafa kanofi a tsakiyar layi, aka jera kujerun roba, mu kuma muna baya wajen murhu. Magajiya tana zaune a kan benci tana rarraba aiki. Ita ce shugabar matan unguwa, tsohuwa ce mai ƙaramin jiki da babbar murya, kuma ita ke cewa a je dubiya ko kada a je. Da ta gan ni sai ta nuna mini dadesen da haɓarta. Na san da gayya ta yi.

Na zauna, na taka ƙarafa, na kama muciya. Kafin a ce me, hayaƙi ya cika mini ido, tuwo ya fara fantsamo mini a hannu, gudaji kuwa kamar na zuba tsakuwa. Mata suka daina aikinsu suna kallo.

Magajiya ta ce, "Ei, Madam Dokta! Wannan tuwo ne ko konkirin gini? Ke me kike yi a makarantar nan taku paa, da ko muciya ba ki iya riƙewa?"

Na ce, "Mma Magajiya, maganin ciwon Yaya muke nema."

"Wane ciwo?"

"Wanda kuka ce ba ta da shi."

Wata ta karɓe muciyar daga hannuna don kada abinci ya lalace. Ni kuma tunda baki ya buɗe, ban tsaya ba. Ban yi musu zancen ƙofofi da fotasiyam ba, na san ba za su saya ba. Aikina na yau da kullum na faɗa musu. Na ce akwai ɓeraye da muke ajiyewa, farare, masu tsabta, waɗanda aka sa wa irin wannan ciwo. Idan ka kalle su lafiyarsu ƙalau, suna ci suna sha, gashinsu na sheƙi. Ina ɗora ɓera a kan raga, in ɗauki wani siririn zare mai kama da gashin buroshi in taɓa masa tafin ƙafa ta ƙasa. Lafiyayyen ɓera ko kallona ba ya yi. Mai ciwon kuwa, ina taɓawa zai fizge ƙafar, ya hau lasarta. Idan an ba shi abin da ake gwadawa, sai in sake taɓawa in ga ko ya daina fizgewa.

Akwai wata maƙwabciyarmu da ta zo daga arewacin Gana tun tana budurwa, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ajiye wuƙar yankan albasa ta ce, "Saa? Bera yana ciwo, kai yana ba shi magani? Daki na bera ya cika koraa, zo ka kwashe, ba na karba komai!"

Aka fashe da dariya, har da ni. Magajiya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta cire goron da ke bakinta ta riƙe a hannu.

Ta ce, "'Yata, tsaya. Ɓeran nan, ba rauni a ƙafarsa?"

"Babu."

"Bai rame ba?"

"Wani ma ya fi lafiyayyen ƙiba."

"Kuma da gashi kawai kika taɓa shi ya zabura?"

"Da gashi kawai, Mma."

Ta dubi wutar murhu. Sannan ta ce, ba da ni take ba, da matan take, "Ɓera dai ba a gayyatarsa suna, balle a ce tuƙi yake gudu. Ba shi da ƙanwa a jami'a. To me zai sa ya yi ƙarya?"

Ni da na yi shekaru ina kawo musu maganar likita suna watsarwa, ga shi ɓera ya yi mini shaida a zama ɗaya. Haushi ya kama ni, daɗi ma ya kama ni, ban san wanne zan fara ji ba. Magajiya ta mayar da goronta baki ta ce, "Mun ɗauki alhakin baiwar Allah. Asabar bayan la'asar za mu je dubiya, kowa ta shirya."

Da na faɗa wa Yaya, ta ce in daina wasa da ita. Da ta ga da gaske nake, sai ta tashi zaune ta fara duba ɗakin. Ta sa na cire labule na wanke, na goge gilashin kabad, na jera kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Na ce mata marar lafiya ake zuwa gani, ba amarya ba. Ta ce in yi abin da aka sa ni. Ranar Asabar ta yi wanka tun da hantsi, ta ɗaura zaninta mai kyau, sannan ta tsaya gaban madubi tana shakka. Ta ce, "Auta, ban yi kyau da yawa ba? Kada su zo su ce lafiyata lau." Ta cire ɗankunne, ta goge kwallin da ta sa.

Suka zo kuwa. Takalma suka cika ƙofar ɗaki har tsakar gida. Lemu, ayaba, sabulu, burodi, koko a fulas, wata ma da ɗanyen ƙwai a leda. Magajiya ta shiga gaba ta zauna a bakin katifa, ta ce, "Sannu. Ki yafe mana, ba mu sani ba." Sauran suka bi, sannu, sannu, kafra, Allah ya sa kaffara ne. Yaya tana amsawa da amin. Na fita tsakar gida na ɗan tsaya, don ba na son a ga ina hawaye, ni da aka sani da tsiwa.

Da na dawo sai na tarar Magajiya ta buɗe gwangwanin man kaɗe.

A wurinmu dubiyar mai ciwon jiki ba ta cika sai an yi tausa. Wadda ta zo ta ce sannu da baki kawai ta tafi, za a ce ba ta zo don Allah ba. Kowace sai ta lakaci mai, ta kama wani sashe na jikin marar lafiya ta matsa, kuma gwargwadon ƙarfin matsarki gwargwadon ƙaunarki. Waɗannan kuwa mata ne masu daka da tuƙi da ɗaukar kaya. Labarin ɓera ya shige su, amma rabinsa suka riƙe. Sun yarda akwai ciwo. Cewa taɓawar ce ke tayar da shi, wannan ya wuce ta bayan kunnensu.

Magajiya ta kama kafaɗun Yaya da yatsunta masu kama da ƙusa. Na ga Yaya ta runtse ido, ta damƙe zanin gado. Na buɗe baki na ce, "Mma, ai wannan..." Yaya ta buɗe ido ta kalle ni, irin kallon da take yi mini ina yarinya idan zan yi rashin kunya gaban baƙi. Na haɗiye maganata.

Haka suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta kama baya, waccan cinya, maƙwabciyarmu mai ɓeraye ta ja mata yatsun ƙafa har suna ƙara, tana cewa, "Ciwo ya fita, ya fita!" Gumi ya jiƙa wa Yaya wuya. Hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne, su kuma suna cewa, "Allah sarki, ta ji daɗi." Duk wadda ta gama, Yaya sai ta ce mata, "Allah ya saka da alheri." Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Suna yi suna ba ta labarin bukukuwan da ta rasa, wa ya yi ƙwauron nama, miyar wa ta yi tsami. Har dariya ta yi a tsakiyar abin. Kafin su tashi Magajiya ta ce daga yau ba mai sa ta tuƙi, ta zo kawai ta zauna kusa da tukunya ta riƙa faɗa wa yara yadda ake yi. Ta kuma ce matan Ayigya sun ji labari, su ma za su zo ranar Juma'a.

Washegari Yaya ba ta iya ɗaga hannu ta sa riga ba. Ni na kama ta zuwa banɗaki, ni na ba ta koko a baki. Ko zanin rufa ba ta so ya taɓa ta. Na daɗe ban ga ciwon ya kayar da ita haka ba. Na ɗauki mayafina na ce yanzu zan je gidan Magajiya in yi mata bayani dalla-dalla, su zo su gaishe ta amma kada wanda ya sake sa mata hannu.

Ta ce, "Dawo ki zauna."

"Yaya, kashe ki za su yi."

"Ba za su kashe ni ba. Kwana kaɗan ne zai lafa, na saba."

"To don me za ki sha wahalar da ba dole ba?"

Ta juyo da kanta a hankali, don wuyan ma ciwo yake. Ta ce, "Auta, idan kika ce kada su taɓa ni, za su ce ina ƙyamar hannunsu ne. Mu koma gidan jiya. Ciwon nan ko sun taɓa ko ba su taɓa ba yana nan, ni da shi ne a ɗakin nan shekara da shekaru. Jiya ne kaɗai ya yi mini zafi da mutane a kusa."

Na tsaya riƙe da mayafi. Na san abin da jijiyoyinta za su yi ranar Juma'a, na fi kowa a Alabar sani, aikina ke nan da nake yi kullum da zare a hannu. Na mayar da mayafin kan ƙusa.

Ranar Juma'a na nemi izini a wurin aiki na dawo da wuri. Matan Ayigya suka sauka daga trotro da ledojinsu, sun ma fi na Asabar yawa. Ni na shimfiɗa musu tabarma. Da suka gama sannu, babbarsu ta waiwaya tana neman mai, ta ce sun manto nasu a gida. Yaya ta kalle ni. Na buɗe kabad, na ɗauko namu na miƙa mata.